Gidan da Ya San Ɗakin da Kake



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani reshe na kimiyyar sadarwa, wato yadda ake amfani da taguwar rediyo da ke yawo a cikin gida a gane ɗakin da mutum yake. Za mu bayyana yadda abin ke aiki, mu faɗi amfaninsa, sa'an nan mu tsaya a kan tambayar da ta fi damunmu: wannan sani, a hannun wa zai zauna?

Mai sauraro zai ce, ai wayoyinmu suna da GPS. Gaskiya ne, amma taurarin ɗan Adam na GPS suna can sama da nisan kusan kilomita 20,000, kafin saƙonsu ya iso ƙasa ya riga ya galabaita, rufi da bango kuma su ƙara raunana shi. Ko a sarari kuskurensa yakan kai 'yan mitoci, alhali bango ɗaya ne ke raba ɗaki da ɗaki. Saboda haka masana suka koma ga siginar da ke cikin gida, wato Wi-Fi da Bluetooth, suka ɓullo da hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce awon ƙarfin sigina. A fili, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin sigina yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. To, idan aka ajiye ƙaramar na'urar sauraro a kowane ɗaki, wadda ta fi jin siginar wayarka ko agogonka da ƙarfi ita ce mafi kusa da kai. Sai dai gida ba fili ba ne. Bango yana shanye sigina, kwanon rufi yana mayar da ita, jikin mutum ma, da yake fiye da rabinsa ruwa ne, yana tare ta. Don magance wannan, a shekarar 2000 Paramvir Bahl da Venkata Padmanabhan na sashen bincike na Microsoft suka fito da tsarin da suka kira RADAR. Sun zagaya gini suna rubuta ƙarfin sigina a kowane wuri, har suka sami taswira, daga baya kwamfuta ta riƙa gwada sabon awo da taswirar, tana gano mutum da kuskuren mita biyu zuwa uku.

Hanya ta biyu ita ce awon lokaci. Taguwar rediyo tana tafiya da saurin haske, wato kusan santimita 30 a cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Na'urar da ta iya auna lokacin tafiyar saƙo da dawowarsa ta san nisa, da kuskuren da bai kai kamu ɗaya ba. Wannan fasaha, mai suna UWB, kamfanin Apple ya fara sa ta cikin wayarsa a 2019.

Hanya ta uku ita ce ke bukatar natsuwarmu, domin ba ta neman ka riƙe kome. Jikinka kansa yana karkatar da taguwar da ke ratsa ɗaki, kamar yadda mai shiga tafki ke motsa ruwa. A 2013 Dina Katabi da ɗalibinta Fadel Adib na jami'ar MIT a Amurka suka nuna cewa da siginar Wi-Fi ana iya gane motsin mutane ta bayan bango, daga baya kuma suka nuna ana iya ƙirga numfashi daga motsin ƙirji.

Amfanin wannan ilmi ba ɓoyayye ba ne. Gidan da ke dogaro da batir da hasken rana zai so fitila da fanka su mutu da kansu a ɗakin da ba kowa. Mafi muhimmanci, tsohuwar da ta faɗi a banɗaki, wurin da kunya ta hana a sa kyamara, ana iya gane ta daɗe ba ta motsa ba, a kai mata ɗauki.

Amma, jama'a, mu duba ɗaya gefen. A 1992 masana na ɗakin binciken Olivetti a Kembirij ta Ingila suka bayyana wani bajo da ma'aikata ke maƙalawa, wanda ke nuna ofishin da kowa yake. Wanda ba ya so a san inda yake, sai ya cire ya jefa a aljihun tebur. Ina abin da za a cire a hanya ta uku? Magabatanmu sun gina zaure da shigifa domin idon baƙo ya tsaya a inda aka tsayar da shi, ba mai wucewa ciki sai da sallama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga shi yau an sami mai shiga bango bai tsage ba. Na'urar da ta san ɗakin da kake ta san lokacin barcinka, da ɗakin da aka kwana, da ranar da gida ya zama ba kowa. Wanda ya kafa ta shi ke gani, matar gida da yara da mai aiki da baƙo su ne ake gani.

Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta zama a tsakar gida. Mu da muke karatun injiniya da kwamfuta da shari'a, mu ne za mu kafa waɗannan na'urori a gidajen mutane, kuma tun ran gini tun ran zane. Don haka muna kira da a riƙe sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kowane mazaunin gida ya san an kafa na'urar, ya kuma yarda. Na biyu, bayanan su tsaya a kwamfutar cikin gida, kada a tura su rumbun wani kamfani. Na uku, a sa makunnin da kowa zai iya kashewa, kada kuma a adana tarihin zirga-zirgar mutane fiye da bukata.

Idan muka kiyaye waɗannan, ilminmu zai zama mai gadin gida. Idan muka yi sakaci, mun kai ɗan leƙen asiri har ƙuryar ɗaki da hannunmu.