Kafin Mu Ce "Sai Haƙuri"

 

Maganarmu ta yau a kan kalmar da bakinmu ya saba da ita ce, wato "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau. Amma sau da yawa muna faɗinta ne domin mai kuka ya yi shiru, mu kuma mu sami hanyar tashi.

Mu mutanen bakin wannan ruwa mun ga abubuwa. Iyayenmu, Gungawa da Kambari da sauransu, sun bar gidajensu da kaburburan kakanninsu sa'ad da ruwan madatsar Kainji ya taso a 1968. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Wara da mutane fiye da 150 a ciki. Ba a cika wata guda ba aka kwashe ɗalibai a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan ba su dawo ba sai 2023. An yi ta'aziyya, an yi addu'a, kowa ya koma gida. To, wanda ya tsamo gawa da hannunsa fa? Akwai wanda har yau in ya ji ƙarar injin jirgi sai gabansa ya faɗi. Ya rataye komarsa, ya koma ga burkutu ko ƙwaya domin ya sami barci. Mu kuwa sai mu ce ya yi sanyi cikin bangaskiya.

Laifin har da mu fastoci. A makarantar tauhidi an koya mana wa'azi sosai, sauraro kuwa a kan tabarmar mutane muka koye shi, da tuntuɓe mai yawa. Ku tuna da abokan Ayuba. Kwana 7 suka zauna tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma a nan ne suka fi yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, ciwo suka ƙara masa. Iliya ma, cikin 1 Sarakuna sura 19, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Ba a fara da tsauta masa ba. Barci ya yi, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu.

Saboda haka in ka je gaida mai damuwa, zauna. Tambaye shi, "Kana samun barci? Kana cin abinci?" Sa'an nan ka kama bakinka. Kada ka ce wane ya fi ka shan wahala. Abin da ya faɗa maka kuma kada ya zama "roƙon addu'a" a gaban jama'a ran Lahadi. Mun san yadda asiri ke tonuwa ta wannan hanya.

Mai tsoron ruwa, kada a tura shi cikin jirgi da ƙarfi, kada kuma a bar shi a ɗaki. Masu ba da shawara a asibiti da kaɗan-kaɗan suke bi: yau ku zauna a bakin ruwa tare, wani mako ya taya gyaran taru, daga baya ku ɗan zaga kusa da gaɓa. Haka zuciya take sake koyon natsuwa.

Amma akwai inda ƙarfinmu ya tsaya. In baƙin ciki ya wuce mako 2 kullum ba sauƙi, mutum ya daina aiki, ya daina wanka, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne kamar hawan jini, yana kuma da magani. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi take kawowa. Ku ɗauke maganin feshi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, ku raka shi asibiti a Yelwa. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Ba a ɗaure ɗan'uwa da mari a bayan majami'a da sunan addu'a. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tsare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Kuɗin mota zuwa Sakkwato ba wasa ba ne, mun sani. Muna roƙon dattawa da ma'aji su tsaya bayan addu'ar rufewa mu duba abin da asusun taimako zai iya ɗauka.