Ƙauri Daga Akwatin Mita

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a taron wata-wata na Ƙungiyar Ɗalibai)



Na lura da aka ce zan yi magana a kan akwatin mitar wuta wasu sun yi murmushi, domin a wannan zaure mun saba da manyan batutuwa na siyasa da tattalin arziki. To, ina roƙo ku ba ni hankalinku, ku ji abin da ya kai ni ga wannan ƙaramin batu.

Bara da hunturu ina zaune a wani gidan haya a wajen makaranta, mai ɗaki takwas, dukanmu a kan mita ɗaya. Akwatin mitar yana maƙale a bangon soro, kuma soron nan shi kaɗai ne mafita, domin tagogin duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Wata asuba muka fara jin ƙauri kamar na roba. Wani ya ce leda ake ƙonawa a bola, wani ya ce daga maƙwabta ne, kowa ya toshe hanci ya wuce lacca. Haka muka yi har kwana uku. A rana ta huɗu ne matar wani ma'aikaci da ke ɗakin farko ta ce tana jin ƙara a akwatin kamar ana suya. Da aka kira mai gyaran wuta, tun daga waje ya nuna mana robar waya ta narke, katakon da aka kafa mitar a kansa ya yi baƙi ƙirin. Ya ce mu kashe kome, a kira kamfani su yanke wutar daga kan turke. Da aka buɗe, sai ga noti ɗaya ya kwance, ga fiyus kuma an cire zarensa an sa waya mai kauri a madadinsa. Da katakon nan ya kama da dare, mu goma sha ne a gidan, ƙofarmu kuwa ita ce bakin wutar.

Mene ne ke kawo wannan ƙauri? Wutar lantarki tana bin waya cikin sauƙi matuƙar hanyar tana da faɗi kuma a haɗe take sosai. Inda noti ya yi sako-sako, ko tsatsa ta ci bakin waya, sai hanyar ta ƙuntata, wurin ya riƙa ɗaukar zafi. Zafin nan yana sa ƙarfen ya buɗe, in ya huce ya tsuke, kullum haka, har notin ya ƙara kwancewa, zafin ya ƙaru. Robar da ake lulluɓe wayoyin gida da ita an yi ta ne don ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba. In aka daɗe ana wuce haka sai ta bushe ko ta narke, ta fara fitar da ƙauri. Wani lokaci ma ba ƙauri ake ji ba, ƙarni ne kamar na kifi, domin haka wasu robobi masu tauri na soket da makunni suke wari in sun gasu. Saboda haka wanda ya ji ƙarnin kifi a inda ba a dafa kifi ba, kada ya ɗora wa kyanwa laifi.

Akwai wani lissafi da nake so ku riƙe, ko da ba ku karanta kimiyya ba. Idan yawan wutar da ke bin waya ya ninka sau biyu, zafin da take haifarwa ninkawa yake yi sau huɗu. In ya ninka sau uku, zafin sau tara. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Hita mai wat 2,000, irin wadda muke tsomawa a bokiti, tana jan kusan amfiya 9. Idan ɗaki shida suka tsoma hita a asuba ɗaya, an haura amfiya 50 ke nan, ba a ma sa dutsen guga da risho na lantarki ba, kuma dukan wannan kaya ta bakin noti ɗaya zai wuce. Wannan ne ya sa ƙaurin gidanmu ba ya tashi sai da asuba, ya lafa da hantsi, mu kuwa muka ɗauka ya tafi.

Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin waya ta ƙone. Wanda ya gaji da tsinkewarsa ya ɗaura masa waya mai kauri, ya kori maigadi ne don yana tashinsa daga barci. Amma ku sani, ko fiyus yana da lafiya ba lalle ne ya cece mu daga noti mai sako-sako ba, domin wutar da ke wucewa ba ta haura iyaka ba, wurin ne kawai yake gasuwa a hankali. A nan hanci ne ya rage mana. Sauran musabbabai kuwa sun haɗa da ruwan damina da ke shiga akwatin, da ƙadangare ko ɓera, da haɗa wayar alminiyam da ta tagulla ba bisa ƙa'ida ba, da makunnin canji tsakanin janareta da wutar kamfani in ya tsufa, da kuma haɗin bayan fage don satar wuta, wanda akan murɗa da gaggawa cikin duhu.

To, me ya kamata mutum ya yi in ya ji ƙaurin?

Da farko ya tsaya ya duba da ido daga nesa kaɗan. In babu hayaƙi, babu tartsatsi, sai ya kashe babban makunnin gida, hannunsa a bushe, da takalmin roba a ƙafarsa, kuma ba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. In akwai janareta ko na'urar sola, su ma a kashe su. In kuwa makunnin yana jikin akwatin da ke hayaƙi, kada a taɓa shi.

Na biyu, kuma a nan ne mutane da yawa suke halaka: kashe babban makunni yana yanke wutar da ke shiga ɗakuna ne kurum. Wayar da ta taso daga turke zuwa fiyus da mita tana nan da wutarta. Saboda haka kada wanda ya ɗauko sukudireba ya ce zai ɗaure notin da kansa, ko da ɗalibin injiniya ne. Kada kuma a ce ai an ɗauke wuta, bari a buɗe. Ba a yi mana sallama kafin a maido ta.

Na uku, a kira masu alhakin gyara. Har yau bakinmu ya saba da cewa NEPA, alhali hukumar nan da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, kuma a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Mita da hatiminta da wayar da ta zo mata daga turke, duk hurumin kamfanin yankinku ne. Daga babban makunni zuwa ɗakuna kuwa aikin mai gida ne, sai ya nemo ƙwararren mai gyaran wuta, wanda yake da shaidar hukumar NEMSA. A kai rahoto a rubuce, a riƙe kwafi. In an yi jinkiri, hukumar da ke kula da harkar lantarki tana da wurin kai ƙorafi. Kada a sake kunna wutar sai an canja duk abin da ya gasu, domin robar da ta zama gawayi ita kanta takan bar wuta ta bi ta kanta.

Na huɗu, in wuta ta riga ta kama, a fara fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, amma wannan magana ba ta shafi akwatin mita ba. Ruwa yana ɗauko wutar ya kawo ta jikin mai watsawa. Busasshen yashi, ko tukunyar kashe gobara mai gari ko mai iska, su ne suka dace, su ma in wutar ƙarama ce kuma akwai mafita a bayanka. A guji shaƙar hayaƙin, domin na robar waya guba ne. Wanda wuta ta kama kuwa, ba a jawo shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture shi da busasshen itace.

'Yan'uwa, in mun faɗi gaskiya, ba jahilci ne kaɗai ya sa muka yi kwana uku ba. Kowa yana jira wani ya fara magana, don kada a ce shi zai biya kuɗin gyara. Wasu kuma suna tsoron in ma'aikata sun zo su ga abin da ba a so su gani. Kuɗin da muka tara a ƙarshe bai kai na littafi ɗaya ga kowannenmu ba. Da yawanmu nan gaba kaɗan za mu kama haya da iyali, wasu ma su zama masu gidajen. Ina roƙon kowa, in ya koma masauki yau, ya tsaya gaban akwatin nan minti ɗaya, ya duba, ya saurara, ya shaƙa, ya kuma nuna wa na gida inda babban makunni yake tun da sauran haske.

Allah ya kare mu daga gobara, ya ba mu ikon yin rigakafi.