Mazurarin Stephen: Abin da Adabin Ailan Ke Gaya wa Mai Karatu



Da yawa daga cikinmu ta hannun Chinua Achebe muka fara jin ƙamshin adabin ƙasar Ailan, domin sunan littafinsa na 1958, Things Fall Apart, daga wata waƙar W. B. Yeats ya ɗauko shi. Wanda ya bi sawu ya karanta Yeats yakan ce zaƙin lafazi ne ya riƙe shi. Wanda kuwa ya faɗa wa Ulysses na James Joyce, sau da yawa yakan ajiye shi tun bai yi nisa ba, ya ce ya fi ƙarfinsa. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan wuri ne cikin littafin Joyce na 1916, A Portrait of the Artist as a Young Man.

A nan ɗalibi Stephen Dedalus yana hira da wani malaminsa, mutumin Ingila, a jami'a a Dublin. Magana ta biyo ta kan mazurarin zuba wa fitila mai. Stephen ya kira shi da sunan da aka saba a garinsu, malamin ya ce bai taɓa jin kalmar ba. Nan take zuciyar yaron ta sosu, ya ji cewa Ingilishin da yake magana da shi tun yana ƙarami kayan aro ne, ga mai shi a gabansa. Daga baya ya duba ƙamus, ya tarar ashe kalmar tasa tsohon Ingilishi ce tsantsa. Duk wanda aka taɓa yi wa dariya a aji saboda lafazinsa ya san wannan ciwo.

Ciwon yana da asali. Mutanen Ailan suna da harshensu, Gelik. Yunwar da ta soma a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, kuma yankunan masu Gelik ta fi yi wa ɓarna. Iyaye da kansu suka riƙa tura 'ya'yansu ga Ingilishi don su sami abin yi. An kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen a 1893, tsarin mulkin 1937 ya sa shi gaba da Ingilishi, amma ƙidayar 2022 ta nuna masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai 80,000 ba.

Gaskiya ne sun sarrafa harshen aron har Yeats ya ci kyautar Nobel a 1923, Seamus Heaney a 1995. To amma kayan aro ba ya rufe katara. Mu namu harshen yana raye a kasuwa da gida da rediyo. Ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ku karanta Joyce da Heaney, sa'an nan ku dubi harshen da kuke yi wa ƙannenku da 'ya'yanku magana da shi a gida.