Jawabi Kan Masu Ɗaukar Hoton Cikin Jiki da Wajibcin Ƙara Musu Ilmi

Wannan jawabi ya shafi wani ma'aikacin asibiti da jama'a ba su cika sanin nauyin da ke kansa ba, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki, wanda likita kan tura wa mai karaya ko mai tarin fuka.

Asalin wannan aiki daga ƙasar Jamus ne. Ran 8 ga Nuwamba, 1895, wani masani mai suna Wilhelm Rontgen ya gano wani irin haske a birnin Wurzburg, wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa tsoka, ƙashi kuwa ya tare shi. Shi ne ake kira eksire. Mutane suka rungume shi tun ba su san sharrinsa ba. Clarence Dally, mataimakin Edison a Amurka, ya yi ta gwada shi a kan hannuwansa har suka ƙone, aka yanke su duka biyu, ya rasu a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a Hamburg ɗauke da sunayen mutum 169 da wannan haske da danginsa suka halaka. A 1956 kuma wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa haska mai juna biyu yana ƙara wa ɗan da ke cikin hatsarin kamuwa da sankara.

Saboda haka aka kafa ka'idodi. Kada a ɗauki hoto sai amfaninsa ya rinjayi cutarwarsa, kuma a yi shi da mafi ƙarancin hasken da zai wadatar. Shi ma'aikacin yakan fake bayan bango ko rigar darma, yana maƙale da wani ɗan ma'auni mai ƙidaya abin da ya shiga jikinsa. In ya ninka nisansa daga na'urar, abin da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

To, me ya sa wanda ya riga ya gama makaranta zai koma karatu? Dalili shi ne, aikin ba ya tsayawa wuri guda. A 1971 aka fara gwada na'urar siti sikan a kan majiyyaci a Landan. Hoton ƙirji na yau da kullum kusan daidai yake da abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana 10, amma siti sikan na ƙirji yakan kai na kimanin shekara 2. Wanda bai koyi daidaita ta ba yana iya ba yaro awon babba. Na'urar maganaɗisu kuwa ba ta da wannan haske, sai dai tana fizgo ƙarfe da ƙarfin da ya isa kisa. Har abin da aka saba yakan canja. Shekara da shekaru ana rufe marar majiyyaci da darma, amma a 2019 ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ta ba da shawarar a bari, domin amfaninsa kaɗan ne, kuma darmar takan rufe abin da ake nema, har a sake hoton. Wanda rabonsa da littafi tun ranar da ya karɓi takardar shaida, ina zai ji wannan?

A Nijeriya Doka ta 42 ta 1987 ta kafa hukumar da ke yi wa waɗannan ma'aikata rajista, dokar 1995 kuma ta tanadi hukumar da ke lura da na'urorin da ke fitar da irin wannan haske.

Ilmin nan bai tsaya ga na'ura ba, ya haɗa da ladabin aiki. Wajibi ne ma'aikaci ya tabbatar da sunan majiyyaci da gaɓar da za a haska, ya bayyana masa abin da za a yi da harshen da yake ji, ya nemi yardarsa. Ya tambayi mace ko tana da ciki, a asirce, cikin mutunci, in ta so wata mace ta tsaya tare da ita. Hoton mutum amana ne, bai halatta a nuna wa abokai ko a yaɗa shi ta waya ba. Kada kuma ya karɓi toshi don ya gabatar da wani a layi.

Ga abin da ake roƙon hakimai. Su fahimtar da talakawa cewa hoto ba magani ba ne, bincike ne, kada wani ya matsa a yi masa alhali likita bai nema ba. Su gaya wa magidanta kada mata su ɓoye ƙaramin ciki saboda kunya, gama a nan hatsarin ya fi yawa. In an buɗe gidan hoto a gunduma, malamin hakimi ya bincika ko mai aikin yana da rajista, in babu a sanar da hukumar lafiya. In kuma ma'aikaci ya tafi kwas na 'yan kwanaki, a yi haƙuri da rashinsa, domin amfanin tafiyar ga jama'ar gundumar zai komo.

Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba talakawansu lafiya, amin.