GIZO CIKIN RIGAR JARUMIN AMURKA

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)



Kwamitin shirya taro ya ɗora mani nauyin in yi magana a kan Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta makarantar nan, wadda ta daɗe da mutuwa, ko ya dace mu zuba kuɗinmu a tada ta. Na san akwai masu ganin cewa rufin ajujuwa da kujeru sun fi wannan muhimmanci, kuma ba zan yi jayayya da su ba. Abin da na zo in faɗa shi ne, ƙungiyar ce ta mutu, wasan yana nan. Ƙaura ya yi daga babban ɗakin taro ya koma cikin wayoyin 'ya'yanmu, inda babu malamin da ke duba shi.

Bari in fara da yi wa malamanmu bayani, don na san ba kowa ke leƙa wayar jikansa ba. Akwai wasannin da ake yi a waya ta hanyar intanet, inda yaro zai zaɓi jarumi ɗaya daga cikin jaruman littattafan zane na Amurka, ya kara da na wani, ko su haɗa runduna da mutanen da bai taɓa gani ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Marvel Contest of Champions, wanda ya fito a 2014. A cikin jaruman akwai wani ƙato kore mai suna Hulk, akwai kuma Spider-Man, wato mutum gizo-gizo, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙira a 1962. Shi wannan zare yake harbawa ya liƙe a dogayen benayen Niyok, yana lilo daga wannan zuwa wancan yana ceton jama'a.

To, wasu samari a Lambara, ɗalibanku ne malamai, har da ɗan ƙanena a ciki, da suka gaji da buga wasan sai suka zauna suka ɗauki sauti a waya. Babu hoto, murya ce kawai, kamar wasan rediyo, minti 12 ko 13. Suka ce ai wannan mai zaren Gizo ne, mijin Ƙoƙi, ya tafi ci-rani Amurka ya dawo da riga. Suka mayar masa da tsamin bakinsa, da kwaɗayinsa, da tsoronsa. Ya sauka Lambara ranar kasuwa, aka yi kururuwa akuyar wata tsohuwa ta faɗa rijiya. Gizo ya ce sai an biya shi tukuna. Da aka yi ciniki ya ɗaga hannu zai harba zare, ya duba gabas ya duba yamma, babu bene ko ɗaya. Ya harba a rumbu, zaren ya fizge shi ya jefa ciki, ya ga gero, ya manta da akuya. Daga ƙarshe kabu-kabu ya hau ya tafi wurin ceton, kuma bai biya mai babur ba. Da aka kai ƙara gaban hakimi, sai ka ji shi yana "Yanka ya daɗe, ni jayumi ne," Ƙoƙi kuwa daga zaure tana cewa, "Wanga ab babban maƙaryaci, ku amshe rigar ku ba ni in yi tsumma." Ƙaton nan kore kuma Dodo suka mai da shi, wai azumi ne ya sa shi fushi.

Ƙarar faɗuwa cikin rumbu da turmi da kwano suka yi ta. Ƙarar zare kuwa, leda ce suke ja a bakin waya. Na saurara sau uku. Akwai wuraren da suka yi tsawo, akwai kalma biyu da ba zan maimaita a gaban malamaina ba, amma wanda ya tsara zancen nan ya san inda ake ajiye dariya. Yanzu sautin yana yawo daga waya zuwa waya har Boɗinga da Shagari, ba tare da ko sisin kwabo na data ba.

Kada ku ɗauka 'ya'yanmu ne kaɗai ke irin wannan. A 2004 wani kamfanin Amurka mai suna Cryptic Studios ya fito da wasan City of Heroes, kamfanin NCsoft na Koriya ta Kudu ya ɗauki nauyinsa. A can kowa shi ke ƙera nasa jarumin, ya zaɓa masa suna da riga da irin ƙarfinsa. Masu wasan ba su tsaya nan ba, suka riƙa rubuta labaran jarumansu, suna ɗaukar wasannin barkwanci na murya suna yi wa kansu ba'a, har gidan rediyo na intanet suka kafa mai suna The Cape. A watan Nuwamba na 2004 kamfanin Marvel ya kai Cryptic Studios da NCsoft ƙara, wai mutane na ƙera jarumai masu kama da nasa, sai a ƙarshen 2005 aka sasanta. Ranar 30 ga Nuwamba, 2012 NCsoft ya rufe wasan ɗungurum, duk da roƙon da masoyansa suka yi. Garin da mutane suka shekara 8 suna zaune a ciki ya ɓace a dare ɗaya. A 2019 masoyan suka tada shi da kansu, a watan Janairu na 2024 kamfanin ya ba su izini a rubuce.

Abu biyu nake so ku lura da su a nan. Wasan mallakar kamfani ne, ranar da ya ga dama ya kashe fitila, amma abin da mutane suka ɗauka da muryarsu yana hannunsu. Sannan Spider-Man yana da mai shi, kuma mai shi yana da lauyoyi. Gizo ba shi da kamfani. Kakanninmu suka bar mana shi kyauta, har danginsa yana Gana, inda suke ce masa Ananse. Don haka shawarar da na ba yaran ita ce, su cire masa rigar a kashi na biyu, su ci gaba da nasu.

Ɗaukar jarumin wasu a sa masa bakin Hausa kuwa, mu muka fara. Wa ya manta yadda muke kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi? Wanda ya samu zuwa silima Sakkwato lokacin hutu, in an dawo makaranta shi ne sarki a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, yana ba da labarin fim ɗin da murya huɗu, alhali ko kalma ɗaya ta Indiyanci bai ji ba. Rabin labarin nasa ne, kuma sau da yawa ya fi na asalin daɗi. Wannan al'ada ce ta zama sana'a a Kano, inda su Algaita ke ɗora Hausa a kan fina-finan Indiya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da irin wannan kwaikwayo ya yi suna. In muka koma baya, wasannin Shu'aibu Maƙarfi a rediyo aka fara jinsu kafin su zama littattafan da muka karanta don jarrabawa, Samanja ma, marigayi Usman Baba Pategi, ta rediyon Kaduna ya shigo gidajenmu kafin talabijin. Wasan Marafa kuwa, na Abubakar Tunau, ɗan ƙasar nan ne ya rubuta shi, aka buga a 1949. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Sai dai abin da ya fi taɓa ni a sautin yaran nan shi ne harshen. Sakkwatanci ne tsantsa. Ku saurari fassarar fina-finan da ake kawo mana, za ku ji kusan duka Kananci ne. In an sa bakinmu a fim, galibi bakin baƙauye ne da aka kawo don a yi masa dariya. A nan kuwa hakimi da Sakkwatanci ya yi shari'a, Ƙoƙi da shi ta yi faɗa, mai babur da shi ya nemi haƙƙinsa. Dariyar daga labarin take fitowa, ba daga karin harshen ba. Mu da aka riƙa ja wa kunne in mun rubuta "yaz zo" a takardar jarrabawa, da gaskiyar malamanmu, don daidaitacciyar Hausa ake nema, mun san rubutu bai cika barin wuri ga wannan ba. Murya ta bar masa.

Na san abin da ke ran malamai. Wasannin waya na cin lokaci, suna cin kuɗin data, wasu ma har sayayya ake yi a cikinsu, kuma yaron da ya kwana yana bugu ba zai gane lissafin safe ba. Ban zo neman a bar waya a aji ba. Amma mai buga wasa daban, mai rubuta wasa daban. Shi na biyun sai ya zauna ya tsara magana, ya raba wa kowa nasa, ya gyara, a maimaita sau goma. Insha'i ke nan, ko da bai san sunansa ba. Zagin da na ambata kuwa, rashin babba a kusa ne ya kawo shi. Lokacinmu malamin Hausa sai ya karanta kowace takarda kafin mu hau dandamali, kuma jan bironsa ba ya tsallake komai.

Akwai kuma batun 'yan mata. Iyaye da yawa a ƙasar nan ba za su yarda 'yarsu ta tsaya gaban kyamara ba, kuma ba ni ne zan sauya masu ra'ayi ba. A wasan murya babu fuska, babu kwalliya, babu rawa. Muryar Ƙoƙi da na faɗa maku, namiji ne ya matse maƙogwaro, don ba su samu mace ba. Da a cikin makaranta ne, a gaban malama, da an samu.

Saboda haka ga abin da nake roƙon wannan taro. Shugaban makaranta ya ba mu ƙaramin ɗaki guda, ko tsohon sito ne. Mu kuma mu sayi makirfo 2, da kwamfuta 1 ko ta hannu ce, da ƙaramar sola, don kada mu dogara da wutar da ba ta zuwa. Manhajar gyaran sauti mai suna Audacity kyauta ce. Tsofaffin katifu da kiret ɗin ƙwai sun isa a toshe bango don amsa-kuwwa. Sai malami ɗaya da za mu riƙa ba ɗan alawus kowane zango, wanda zai karanta kowane wasa kafin a ɗauka. Kowane zango a fitar da wasa 1, a ajiye kwafi a laburare, a kuma gwada kai shi Rima Rediyo ko za su karɓa.

Ni na ɗauki makirfo biyun. Ma'aji yana da takarda a bakin ƙofa don masu son ɗaukar sauran. Yaran suna nan waje, sun zo da lasifika, in shugaba ya ba da izini za su sa mana sautin bayan sallar La'asar. Na riga na sa sun yanke kalmomin nan biyu.