Malamin Dabbobi da Littafin Lissafi

Wannan jawabi ne zuwa ga hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da malamansu na ofis, a kan wani sashe na ilmin likitan dabbobi wanda ba a cika koya shi a aji ba, watau riƙon kuɗi.

Dattawa ba su manta da yadda a ke yi a da ba. A zamanin En'e, malamin dabbobi ya kan zo da allurar bushiya wadda a ke haɗawa a Vom, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a 1924. Hakimi ya aika wa arɗo, a tara shanu, a yi musu allura. Albashin malamin daga baitulmali ya ke fitowa, baitulmali kuwa jangali na cikin abin da ke cika shi. Sabo da haka ba ruwan malamin da riba ko faɗuwa. To, an rushe En'e a 1976, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, ita bushiya kuma an ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 2011. Amma ciwon huhu da sammore da hanta suna nan, shanu kuma suna nan, daga bakin madatsar Tiga har gefen dajin Falgore. Yanzu gwamnati ba ta iya ɗaukar dukan wanda ya gama karatu a Zariya ko Sakkwato. Da yawansu tilas su kafa kansu, su sayi magani da kuɗinsu, su ci abinci daga aikin hannunsu.

A nan ne wahala ta ke. Ga misali. A ce kwalbar allura ɗaya ta dabba 100 ce. Irin wannan allura sai a cikin sanyi a ke ajiye ta, in kuwa an dama ta da ruwa, lalle a ƙare ta cikin 'yan sa'o'i, abin da ya ragu sai zubarwa. Idan likita ya tashi daga Kwanar Dangora ya tafi wata ruga a ƙasar Doguwa, ya tarar da dabba 20 kaɗai, kuɗin allurar kowace dabba ya riɓanya sau 5 ke nan, ban da man babur da ƙanƙara da yinin da ya ɓata. In ya karɓi ladan da ya saba karɓa, ya faɗi, bai kuwa sani ba. Sa'an nan ga bashi. Makiyayi ba ya yawo da kuɗi, sai ran da ya kai sa kasuwa. Mutum ne mai cika alkawari, amma wanda bai rubuta ba ya kan manta wa ya biya, wa ya saura. Kafin shekara ta kewayo uwar kuɗi ta narke, likita ya rufe kanti ya koma birni. Wurin da ya bari kuwa ba ya zama haka nan: 'yan tallar magani ne za su cika shi, masu sayar da abin da rana ta kashe, su yi wa sa rabin awon da ya kamata.

Ba ƙasar nan kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka, a 2001, waɗansu ɗalibai na makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Pennsylvania suka ga ana koya musu fiɗa da magani, amma ba a koya musu ciniki. Sai suka kafa ƙungiya tasu, VBMA, wadda daga baya ta bazu zuwa sauran makarantun ƙasar. Su kan taru bayan an tashi daga aji, su gayyato tsofaffin likitoci da masanan kuɗi, su koyi yanka farashi da biyan bashin karatu da karanta takardar yarjejeniya kafin sa hannu. Ɗaliban ƙasar nan ma suna da ƙungiyoyinsu, ba kuwa abin da zai hana su yin haka, sai dai darasinsu ba na Amurka ba ne. Nasu yana kasuwar shanu, wajen dillalai da sarkin fawa.

Abin da a ke roƙon hakimai ba mai yawa ba ne. In ɗalibai sun zo hutu ko koyon aiki, a karɓe su, a haɗa su da arɗo da sarkin fawa, su ga yadda a ke taya sa, da yadda kuɗinsa ke faɗuwa in ya rame. Malaman ofis kuma su nuna musu yadda a ke riƙe littafin shiga da fita, da yanka rasit, gama wannan sana'a tasu ce tun zamanin jangali. Babban taimako kuwa shi ne tsohon aikin nan na tara dabbobi: in an sa ranar allura, dagatai da masu unguwa su sanar tun da wuri, ruga uku ko huɗu su haɗu a mashaya ɗaya da sassafe, kafin a sake shanu kiwo, domin a buɗe kwalba a ƙare ta nan take.