Kafin a Saka Maganin Farin Haƙori a Baki

 

Maganarmu ta yau a kan magungunan sa haƙori fari ce, waɗanda mutum ke amfani da su da kansa a gida. Suna nan a kyamis da shagunan kayan kwalliya da hannun masu gyaran amare, ga kuma tallarsu a TikTok da WhatsApp: garin gawayi a 'yar roba, leda mai mannewa a haƙori, wani ruwa mai kauri haɗe da shuɗiyar fitila. Ana yawan tambaya ko suna aiki, ko kuma suna cutarwa. Amsar tana ga sanin abin da ya sauya launin haƙorin tun farko, kuma wannan ne mai talla ba ya tambaya.

Haƙori yana da ɓawo mai tauri da likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma idan ya zaizaye ba ya sake tofowa. A ƙarƙashinsa akwai dentin, wanda asalin launinsa rawaya ne. Ku riƙe wannan, domin kusan duk ɓarnar da zan ambata daga nan take.

Wani tabon a saman ɓawon yake. Goro ne, da shayi, da taba. Direban tirela da ke kwana a hanya da goro a baki, da dillalin da ke wuni a kasuwar shanu, sun san shi sarai. Kakanninmu mata ma da gangan suke rina haƙora da fure da goro, kuma a zamaninsu ado ne. Irin wannan tabo asuwaki da buroshi da makilin suna rage shi, wanda ya daskare kuma likitan haƙori ya kankare shi a zama guda.

Wani tabon kuwa a cikin haƙorin yake. Idan yaro ya tashi yana shan ruwan da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, haƙoransa na dindindin kan fito da ɗigon fari ko ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye iyaka a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya, kuma an daɗe da sanin wannan matsala a Kaltungo ta Jihar Gombe da Langtang ta Jihar Filato. Haka nan kafson tetarasaikilin, ja da yalon nan da ake ɗura wa yara idan suna gudawa, yana rina haƙori daga ciki in an bai wa yaron da bai kai shekara 8 ba, ko mace mai ciki. Haƙori guda da ya yi baƙi bayan faɗuwa kuma, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu. Ko shekara mutum zai yi yana dirza gawayi, ba zai kai ga ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da aka tabbatar yana haskaka haƙori shi ne haidirojin feroksaid, wanda ke ratsa ɓawo ya wargaza launin da ke ciki. A 1989 likitoci biyu na Jami'ar North Carolina a Amurka, Haywood da Heymann, suka wallafa hanyar amfani da wani nau'in feroksaid a gida: a auna bakin mutum, a yi masa roba daidai haƙoransa, ya kwana da maganin a ciki. Yana aiki, ban musa ba. Sai dai mutane da yawa haƙoransu kan yi zugi in sun sha ruwan sanyi, maganin yana ƙona dasashi in ya zuba a kai, ba ya sauya launin ciko ko haƙorin roba, kuma hasken yana dusashewa a hankali. In akwai kogo a haƙori, maganin zai gangara kusa da jijiya. Saboda haka Tarayyar Turai ta yi doka a 2011: abin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 ba a sayar wa kowa kai tsaye, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu kuwa kwalba ce ke zuwa babu lambar NAFDAC, babu bayanin ƙarfinta, yarinya 'yar shekara 16 ta shafa saboda biki ya matso. Wannan yana damuna ƙwarai.

Haɗin gida ya fi ba ni tsoro, musamman lemon tsami da gawayi ko toka. Ɓawon haƙori yana fara narkewa a ma'aunin tsami na pH 5.5, ruwan lemon tsami kuwa yana wajen 2, wato ya fi haka tsami nesa ba kusa ba. Tsamin ya tausasa ɓawo, gawayi ya kankare shi. Makon farko haƙori ya yi haske, mai shi ya ji daɗi ya ƙara ƙaimi. Da ɓawon ya yi siriri sai rawayar dentin ta bayyana, ga zugi ya zauna. Kamar mai wanke kwanon sha ne da yashi: fentin yake cirewa. A 2017 mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta bi diddigin binciken da aka yi kan man gawayi, ba ta sami isasshiyar hujjar cewa yana da amfani ko aminci ba.

Wanda ke son farin haƙori, ya fara kai bakinsa sashen haƙori na asibiti a duba dalili, a cike kogo, a wanke dasashi, sannan a yi maganar magani. Masu kyamis da masu gyaran amare, ina roƙonku kada ku sayar da abin da ba ku san ƙarfinsa ba. Shugabannin unguwanni kuma, duk inda kuka ga yaran da ke shan rijiya ko burtsatse ɗaya suna fitowa da tabo iri ɗaya, ku nemi hukumar ruwa ta jiha ta auna fuloraid ɗin ruwan, domin ƙannensu da haƙoransu ba su gama ginuwa ba ana iya kare su.